Dabinon Gidan Malaz

Malaz, Asabar

Yaya Buraima,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya. Mama, matar da nake wa aiki, ta karɓe wayata, shi ya sa na ba direban gidan wannan takarda.

Yaya, wane irin aiki Jibirilla ya yi mana? Ni na ce wa Mama kamfaninku ya iya maganin ƙwari, kai kuma ka turo shi. Ta tagar kicin na ga yana huda jikin dabino da inji, yana ɗura wani ruwa, yana toshewa. Shekaranjiya babban dabinon ya karye, ya faɗa kan katanga. Marigayi mijin Mama ne ya dasa dabinon gidan, ta wuni tana kuka.

Ka san na ƙi auren Jibirilla bara. Da ya zo ko gaisuwata bai amsa ba. Ni dai zuciyata ta ba ni ramuwa ce, don a kore ni. Mama ta tsare ni da tambaya, na gaya mata haka. Ta kira mudir ɗinku, shugaban kamfanin.

Ƙanwarka,
Zouera

*

Naseem, Litinin

Zouera,

Wa alaikumus salam. Kin yi garaje. Mudir ya dakatar da Jibirilla, yana maganar ba zai sabunta masa iƙama, takardar izinin zama, ba. Mutum mai ciyar da uwa da ƙanne a Maraɗi!

Hudar da kika gani, haka aikin yake. Susa, jan ƙwaron nan mai dogon baki, tsutsarsa a cikin itace take ci, feshi ba ya kai mata sai an yi wa bishiyar allura. Wadda aka riga aka cinye cikinta kuwa, ko an yi mata sai ta faɗi.

Amma ba zan rantse a kansa ba. Na tambaye shi, ya ce a tambayi mutanen gidan, ya juya mini baya. Amsar nan ba ta kwanta mini ba.

Ki kara kunnenki a jikin kowace bishiya lokacin da gida ya yi tsit, ki gaya mini abin da kika ji. Kuma an shigo da sabon dashe kwanan nan? Ta nan ƙwaron ya fi shiga gida.

Allah ya tsare.
Buraima

*

Malaz, Alhamis

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Na yi yadda ka ce bayan azahar. Duk waɗanda ya huda shiru suke. Amma akwai wani ƙarami a bakin ƙofa wanda ɗan Mama ya kawo daga gonar abokinsa. Wallahi ƙurmus-ƙurmus na ji, kamar ɓera na gwaguyar ƙwarya, ga wani wari mai tsami. Babu huda a jikinsa. Direba ya ce Jibirilla ya so tuge shi, ɗan Mama ya ce kyauta ce, kada ya taɓa.

Sai na kamo hannun Mama na kai ta wurin. Ta daɗe da kunne a jikin itacen. Ta ɗago ta ce, “Tun yaushe kika sani?” Na ce yau. Kallon da ta yi mini, ban san ko ta yarda ba. Ta dai kira mudir a gabana.

Yaya, ka ba Jibirilla haƙuri. Me ya ce a kaina?

Zouera

*

Naseem, Lahadi

Zouera,

Salam. An mayar da shi aiki. Gobe za a tuge dashen, amma ya ce a tura wani, shi ba zai sake taka gidan ba.

Na isar da haƙurinki. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Sai da na kai ƙofa ya ce, “Ka gaya mata kada ta ci dabinon bishiyoyin nan bana. Maganin na cikinsu.”

Ki kiyaye.
Buraima