Taurari Bakwai a Hanyar Salaga

Maamobi, Ankara
Litinin

Zuwa ga Yaya Azara,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ki gaishe mini da Mma, ki ce ina tambayar gwiwarta.

Kada ki yi dariya don kin ga takarda. Mijina Zulkarnaini ne ya saita mini wayata da sunansa, duk abin da na taɓa a taswira yana fitowa a tasa, kuma ban san ko saƙonni ma haka suke ba. Shi ya sa na ba Nasrullahi direban doya wannan a Old Fadama.

Yaya, shekara biyu ke nan da aurena, shekara biyu ban ga Mma ba. Tun muna amarci ya yi mini alkawari zai kai ni Salaga a motarsa, ni da shi kaɗai. Na zauna na tsara tafiyar a taswirar waya, na sa tauraro a wuri bakwai: mai wake da shinkafa a Nkawkaw, gidan Gwaggo a Kumasi, kasuwar Techiman, ruwan nan mai zubowa daga dutse a Kintampo, gadar Buipe inda ake soya kifi, Tamale, sai ƙofar Mma. Duk littafin da na karanta wanda miji ya ɗauki matarsa suka yi tafiya, sai in buɗe taswirar in bi layin da yatsa har Salaga in dawo. Har gyalen da zan yafa a Kintampo na saya, yana ƙasan akwati.

Shekaranjiya na kai masa ruwa a bes ɗinsu na Nima, majalisar da yake shan shayin ataya da abokansa, sai na ji ashe ranar Asabar za su tafi Salaga. Abokinsa Tawfiq zai yi aure can ranar Lahadi da ƙarfe goma, Zulkarnaini ne babban aboki, shi zai kai goron ɗaurin aure. Na ce, "To ni fa?" Ya ce mota ta cika: shi, Falalu, Osman, Zibrim. Na ce ai mutum huɗu ke nan, saura kujera ɗaya. Ya ce, "Ta sifika ce." Yaya, akwatin kiɗa! Ba ya shiga but ɗin mota, don haka shi za a ɗaure da bel a kujerar gaba, kujerata.

Falalu ya ce, "Haba, amarya, ki karanta tafiyar a littafi mana, ba za ki gaji ba." Suka fashe da dariya. Mijina ya fi kowa dariya, ya ƙara da cewa, "In kin matsu, tasha na nan, ki hau bas."

Da ya dawo gida, ko kunya babu, ya ce tunda na haddace hanya in tsara musu ita in tura masa. Na ce to. Ban yi kuka a gabansa ba.

Ga tambayata. Taswira tana nuna hanya biyu: ta Tamale mai nisa, da ta Yeji inda ake haye ruwa da jirgin fito. Ki gaya mini gaskiyar ta Yeji, yadda take a wannan watan.

Ƙanwarki,
Ruwaida

*

Salaga
Laraba

Ruwaida,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, gwiwar Mma da sauƙi. Ban karanta mata takardarki ba.

Na san abin da kike nufi, ni na goya ki. Ga amsa. Yanzu lokacin doya ne. Manyan motoci suna yin layi a bakin ruwan Yeji don su haye su yi lodi a nan. Maigidana ya ce ƙaramar motar da ta iso da yamma sai ta kwana, jirgin safe ma ba lallai ta samu wuri ba. Wayarku ba ta san wannan ba.

Amma ki saurare ni. Yarinyar da Tawfiq zai aura Rabi'atu ce, 'yar Malam Abdul-Karim na bayan masallacinmu. Kin san dattawan garin nan, ba za su shafa fatiha babu goron ango a kan tabarma ba, kuma ba za su karɓi na aro daga kasuwa ba, sai wanda dangin ango suka kawo. In goro bai zo ba, ba mijinki za a yi wa dariya ba, ita za a nuna da baki har ta tsufa. Me ta yi miki?

Na biyu, kada ki taka ƙafa waje ba da izininsa ba, kada ki ba shi abin faɗa a gaban Mma.

Ban ce ki haƙura ba. Da ni aka ajiye saboda akwatin kiɗa, da yanzu ana tsintar wayoyinsa a kwatar Nima. Na ce ki nemi hanyar da za ta same shi shi kaɗai. Kin karanta littattafai sun fi ɗari, yau ki nuna mini amfaninsu.

Yayarki,
Azara

*

Maamobi
Juma'a, bayan la'asar

Yaya Azara,

Salama da gaisuwa. Takardarki ta iso da safe. Wataƙila ni zan riga wannan isowa, amma sai na rubuta, hannuna ƙaiƙayi yake.

Kin yi gaskiya a kan Rabi'atu, ba za ta yi kuka saboda ni ba. Batun izini kuwa, ya ba ni da bakinsa a gaban shaidu uku: tasha na nan, in hau bas. Zan hau.

Ango ya buga waya ya ce su bi ta Tamale. Na ɗauki wayar Zulkarnaini na nuna masa layi biyun, na ce, "Dubi, ta Yeji ta fi kusa da awa uku, ruwan ma an rubuta awa ɗaya." Kin san shi, ko Adabraka zai kai fasinja sai muryar matar nan ta waya ta ce ya juya hagu. Ya ce Tawfiq ɗan ƙauye ne, taswira ba ta ƙarya. Na ƙara musu tsayawa biyu, cin abinci a Nkawkaw da ɗaukar hoto a Kumasi, don kada su yi saurin isa. Har gode mini ya yi.

Ya sa buhun goro a but kafin ya tafi masallaci, ya bar makulli a kan firji. Kafin liman ya sauko daga mumbari na juye goron a jakata, na cika buhun da littattafaina guda arba'in da uku, na shimfiɗa ganyen goron a sama na ɗaure yadda ya ɗaure. Na ɗaga na ji nauyi ya yi daidai. Raina bai so rabuwa da su ba, amma ai su ma sun daɗe suna son tafiya.

Gobe suna fita bayan asuba ni ma zan fita. Zan kwana gidan Inna Indo a Tamale, in hau motar farko. Ki shirya tabarma, kuma kada ki gaya wa Mma.

Taki,
Ruwaida

*

Salaga, masaukin ango
Litinin

Ruwaida,

Salamu alaikum. Kin kashe waya kwana uku. Na zo ƙofar gidanku sau biyu na kasa shiga, da wane ido zan kalli Mma? Yaya Azara ta ce in rubuta, wai ke takarda kike ji.

Kin san abin da kika yi? Mun isa Yeji biyar da rabi, jirgi ya tafi, manyan motoci sun fi ashirin a gabanmu. Waya tana ta ce mini in ci gaba kai tsaye, gabana ruwa ne har inda ido ya ƙare. Sauro ya cinye mu. Da safe jirgi ya ɗebi motocin doya ya bar mu a tsaye. Na ce ba zan bar motata a bakin ruwa ba, sai muka sa Falalu a kwalekwale da buhun. Mutumin da bai taɓa shiga ruwan da ya wuce na bokiti ba, yana ta salati yana kiran sunan uwarsa.

Ya haye, ya hau babur, ya iso sha ɗaya saura, ya tarar ana watsewa kowa da goro a baki. Bai tsaya tambaya ba. Ya ratsa taro ya durƙusa gaban Malam Abdul-Karim ya ce ga goron ango, ya kwance buhu ya zazzage. Littattafan soyayya, Ruwaida, a gaban limamai! Wani liman ya ɗauki ɗaya ya juya ya ce, "Wannan na wace gona ne?"

Ni ban iso ba sai la'asar. Tun daga tasha ake nuna ni. Tawfiq ya ce da ba don matata ba da aurensa ya lalace, wai kin shigo tara da rabi da jaka a ka, kin ce mijinki ne ya aiko ki saboda hanya ta riƙe shi. Kowa yana sa miki albarka, ni kuma an sa mini suna Mai Taswira. Falalu ba ya mini magana.

Na ji haushi, har yanzu ina ji. Amma gobe za mu koma, kuma ba zan shiga Maamobi ba mata ba. Ki shirya, za a matsa miki a baya.

Mijinki,
Zulkarnaini

*

Gidan Mma
Litinin da yamma

Maigida,

Wa alaikumus salam. Sannu da hanya, sannu da sauro.

Ban yi maka ƙarya ko ɗaya ba. Ta Yeji ta fi kusa, ruwan kuma awa ɗaya ne, ka tambayi Falalu. A gaban dattawa ma na rufa maka asiri, abin da kai ba ka yi mini ba a gaban abokanka.

Na wuce taurarina shida ta tagar bas. A Kintampo ko tsayawa ba a yi ba, na ji dai wata mata ta ce ruwan yana can bayan itatuwa. Na bakwai kaɗai na samu. Mma ta riƙe fuskata ta ce na rame, ta tambaye ni me ya sa na zo ni kaɗai. Har yanzu ban ba ta amsa ba. Kai za ka zo ka ba ta.

Ba za a matsa mini a baya ba. Abokanka uku da sifikarsu, tasha na nan, su hau bas. Ni a gaba, ta hanyar Tamale, kuma za mu tsaya a kowane tauraro har sai na ce mu tafi. Ka tattaro mini littattafaina, arba'in da uku ne, na ƙirga. In ba haka ba, ka gaishe da Maamobi, ni gwiwar Mma tana buƙatar mai shafa mata magani.

Matarka,
Ruwaida

*

Talata

Ruwaida,

Salamu alaikum. Sun hau motar safe, sifika a cinyar Zibrim. Littattafai arba'in da biyu na samu, limamin nan ya ce bai gama karanta nasa ba.

Ina ƙofar gida, na cire takalmi. Ki ce wa Mma surukinta yana sallama.

Zulkarnaini