Kati da Sunana, Tari na Gwaggo

Zuwa ga Hajiya Latifa,

Assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni, kuma ki amsa kafin wannan wata ya ƙare, domin bayan nan amsar ba za ta amfane ni ba. Yau Talata, 14 ga Oktoba 2025, ƙarfe goma da minti ashirin na safe. Ina zaune bayan rumfar tuwon gwaggona, takarda mai shafi huɗu a kan cinyata. Saura kwana ashirin in tsaya gaban likita a Yamai. Garinmu yana yankin Gazawa, ba zan faɗi sunansa ba, kuma duk sunayen da za ki gani na aro ne.

Shekaruna ashirin da uku. A watan Yuli na gama karatun aikin gona a jami'a, na yi bincikena a kan yadda ake adana wake kada ƙwari su cinye shi. Wata makaranta a ƙasar waje ta ɗauke ni karatun shekara biyu, ita za ta ɗauki nauyina. Sun rubuto cewa in ban iso ba ranar 12 ga Janairu, gurbina ya tafi ga wani. Kafin a ba ni biza sai likitan da ƙasar ta amince da shi ya duba lafiyata: awon jini, awon fitsari, hoton ƙirji, da wannan takarda ta tambayoyi. An sa mini Litinin, 3 ga Nuwamba, ƙarfe takwas.

Da fari ƙananan abubuwa ne suka dame ni. Jinina yana hawa idan na ga farar rigar likita. A kantin magani an auna 14/9, wato 140 bisa 90, a gidan ƙawata 12/8, sau uku-uku na gwada. Akwai tabon ƙaho guda shida a bayana, tun ina 'yar shekara tara. Ga kuma tari da na fara kwana tara da suka wuce, tun da muka shiga sussukar wake. Busasshe ne, babu jini, babu zazzaɓi, nauyina kilo 54 kamar yadda yake a watan Yuli. Ina faɗa wa kaina ƙaiƙayi ne. Wani lokaci ina yarda.

Amma ba waɗannan suka sa na rubuto ba. Tambaya ta bakwai da ta takwas ne. Ta bakwai: kin taɓa yin tarin fuka, ko an taɓa yi miki maganinsa? Ta takwas: kin taɓa zama gida ɗaya da mai shi? Gaban kowace akwai gurbi biyu, i da a'a. Kwana goma sha ɗaya ke nan ina kallon su.

Gwaggo Delu ƙanwar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun ina shekara huɗu. Da tuwo da miyar kuka da take sayarwa a tasha ta kai ni lakol, makarantar boko, har na ci bak, jarrabawar shiga jami'a. A damanar 2021 ta fara tari, ta rame, zanenta ya koma zagaye ta sau biyu. Ta ƙi zuwa asibiti. Ba don jahilci ba. Akwai wata mai fura a tasharmu da aka taɓa gani tana fitowa daga ɗakin masu tarin fuka a asibiti. Ta sha magani, ta warke sarai, amma har almuru ba ta sayar da ko ƙwarya guda, direbobin da suka shekara goma suna sha a wurinta suka riƙa gaishe ta daga nesa. Daga baya ta kwashe kayanta ta bar garin. Gwaggo ta ce gara ta mutu da sunanta a kan a rubuta shi cikin littafin masu tari na asibiti.

Ni na kawo dabarar, ba ita ba, ina so ki san wannan. Na hau kabu-kabu na tafi wani asibiti a yankin Agye inda babu wanda ya san mu. Na yi tarin ƙarya, aka ba ni 'yar roba mai murfi, aka rubuta sunana a jikinta, aka ce in kawo kakin safe. Na kai wa Gwaggo ta tofa, na mayar. Ranar 9 ga Agusta sakamako ya fito, akwai cutar. Aka buɗe mini kati da sunana, da sunan mahaifina, da shekarar haihuwata. Aka auna ni, kilo 52, aka ce ƙwaya uku kullum. Da na koma gida na ɗora Gwaggo kan sikelin masu sayen gyaɗa, kilo 47, na bincika na ga adadin ƙwayarmu ɗaya ne. Ranar farko malamin asibitin ya miƙo mini ƙwayoyin da kofin ruwa ya tsaya yana kallo, sai na haɗiye. Fitsarina ya yi ja har washegari. Don haka ko kalmar "magani" da ke cikin tambayar ba zan iya cewa a'a da zuciya ɗaya ba, na sha ƙwaya uku, sau ɗaya. Bayan nan na ce gidanmu da nisa, aka riƙa ba ni na sati biyu-biyu.

Wata shida ina wannan hanya. Sau uku aka sake neman kaki, sau uku na kai nata. Wata biyun farko muka ce wa mutane ciwon baya take yi, ni da 'yarta Husaina muka riƙe rumfa. A watan Fabrairu 2022 aka rubuta a katina cewa na warke, malamin ya yaba mini da ban taɓa fashin rana ba. Gwaggo ta warke. Yanzu haka ina jin muryarta tana faɗa da wani direba a kan ya ƙara miya bai ƙara tuwo ba. Ranar da na kai mata katin ta riƙe hannuna ta sa na yi mata alkawari, da sunan Allah, cewa maganar nan ba za ta fita daga bakina ba ko bayan ranta.

Na riga na biya wani abu a kai. A shekarata ta biyu a jami'a, wadda muke ɗaki ɗaya ta ga katin cikin akwatina. Sai ta raba kofinta da nawa, bayan sati ta sauya ɗaki. Na bar ta da abin da ta gani.

To yanzu ga inda na tsaya. In na ce i ga ta bakwai, na yi ƙarya a kan jikina, kuma na ji cewa za a iya neman kakina a ajiye shi sati takwas ana jira. Sati takwas daga 3 ga Nuwamba ya kai 29 ga Disamba, saura kwana goma sha huɗu ke nan, biza ba ta fito ba. In na ce a'a, gaskiya ce, amma akwai littafi a yankin Agye da ke ƙaryata ni, kuma a ƙasan takardar an rubuta cewa wanda ya ɓoye wani abu za a iya hana shi shiga ƙasar na tsawon shekaru. In na faɗi yadda abin ya faru, na karya alkawarin matar da ta raine ni, kuma na shaida da bakina cewa na yaudari asibiti wata shida. Wace ƙasa ce za ta buɗe wa irina ƙofa?

Gwaggo ba ta san da tambayoyin ba. Kullum da safe tana jiƙa mini sassaƙe da zoɓo wai su wanke mini jini kafin awo, ta kuma ɗinka mini bargo biyu. Ina karɓar kofin ina sha, na kasa kallon idonta. Jiya na ɗauko wasiƙar makarantar da niyyar in rubuta musu na fasa. Ina ganin shi ne kaɗai hanyar da babu wanda zai ji ciwo sai ni.

Ga abin da ban sani ba har yanzu:

Ban sani ba ko likitan Yamai yana iya ganin littafin wancan asibiti.
Ban sani ba ko abin da na yi laifi ne da hukuma ke kama mutum a kansa.
Ban sani ba ko alkawari irin wannan yana da mafita.
Ban sani ba ko makarantar tana ɗaga wa mutum lokaci.
Kuma ban san abin da ke cikin ƙirjina ba. Wata shida muna kwana ɗaki ɗaya da Gwaggo. An auna Husaina a lokacin, a matsayin wadda ke zaune da mai cuta. Ni ba a taɓa auna kakina ba, tunda a takarda ni ce mai cutar.

Taki cikin damuwa,
Mai Katin Aro, yankin Gazawa

*

'Yata Mai Katin Aro,

Wa alaikumus salam. Ajiye wasiƙar fasawar nan tukuna. Kin jera abubuwa biyar da ba ki sani ba, kika sa mafi girma a ƙarshe. Ni da shi zan fara.

Cikin satin nan, ba sai 3 ga Nuwamba ba, ki shiga mota ki je Maraɗi a ɗauki hoton ƙirjinki a auna kakinki. Ki gaya wa likitan kin zauna da mai tarin fuka a 2021 kuma kina tari yau kwana kaza. Mai yiwuwa ƙaiƙayin wake ne, kamar yadda kike fata. Amma ke da kika ɗora tsohuwa kan sikelin gyaɗa don kada ƙwaya ɗaya ta yi yawa, bai kamata ki bar huhunki a hannun "mai yiwuwa" ba. Ko da babu biza a duniya, wannan awo ya zama dole tun shekara huɗu da suka wuce.

Ba zan ce abin da kika yi daidai ne ba. An ba mace magani mai ƙarfi wata shida babu likitan da ya taɓa ganin idonta, kuma maganin nan yana iya taɓa hanta. Allah ne ya kiyaye. Amma ba zan manta ba cewa shekarunki goma sha tara, kuma zaɓin da ke gabanki shi ne wannan dabara ko likkafani. Tsoron Gwaggo ma ba na banza ba ne, mu da muke gudun mai fura bayan ta warke mu muka koya mata shi.

Na kai tambayarki wurin wata tsohuwar likita da na sani, ban faɗi daga ina ta fito ba. Ta ce a iyakar saninta, ciwon da aka yi aka warke ba shi ke rufe ƙofa ba, ciwon da ke jiki yanzu yakan jawo jinkiri har a gama magani, amma ƙarya ita ce ke da wuyar gyara. Game da littafin Agye, ta ce ba ta zaton yana bin mutum har Yamai. Kada ki jingina da wannan. Amsarki ta zama wadda za ki iya maimaitawa ko littafin yana buɗe a gabanki: ta bakwai a'a, ta takwas i, sannan ki yi wa likitan bayanin katin da ƙwaya ukun da bakinki, ki bar shi ya rubuta yadda ya dace. Ki tafi da katin da sakamakon Maraɗi. Maganar hukuma kuwa ban san doka ba har in ba ki tabbaci, sai dai ban taɓa jin an kama yarinya don ta kai wa uwar riƙonta magani ba. Tabon ƙaho ki ce ƙaho ne. Jini in ya hau, ki roƙa a bar ki ki huta a sake aunawa. Sassaƙen nan ki daina sha daga yau, ba ki san abin da zai nuna a awo ba.

Saura alkawari. Kada ki karya shi a ɓoye, ki je wurin mai shi ki nemi ta sake ki. Ki zaunar da Gwaggo inda Husaina ma ba ta ji, ki karanta mata tambayoyin nan biyu da Hausa. Ki gaya mata mutum ɗaya ne zai ji, likita ne a Yamai wanda aikinsa ya hana shi fitar da sirri, ba ya cin tuwo a tasharku, kuma "wata 'yar gidanmu" ta ishe shi, ba sai an kira suna ba. Matar da ta ɗinka miki bargo biyu ba ta raine ki don ki zauna bayan rumfa kina gadin sirrinta ba. In ta ƙi, ki tambayi malamin da kika yarda da shi hukuncin rantsuwar da riƙe ta ke cutarwa, ba tare da kin faɗi ciwon ba. In kuma ta yarda, ki ja ta ku tafi Maraɗi tare, a duba ta da sunanta sau ɗaya a rayuwarta.

Ba zan yi miki alkawarin Janairu ba. Ana iya neman awon sati takwas ɗin nan, kuma lissafinki daidai ne, lokacin zai ƙure. Shi ya sa yau ɗin nan za ki rubuta wa makarantar, ba don ki fasa ba, don ki tambaya ko suna ɗaga wa ɗalibi zango ɗaya idan awon lafiya ya ja lokaci. Suna iya cewa a'a, ki rasa gurbin, ki yi kuka, kuma kukan yana da dalili. Amma wadda aka jinkirta tana sake nema baɗi da takardunta a tsabtace. Wadda ta fasa da hannunta ba ta ma san abin da za a ce mata ba.

Sau huɗu kika kai robar nan da sunanki a jiki da ciwon wata a ciki. Je ki karɓo ta biyar, ki tofa naki. Allah ya sa a tarar da ƙaiƙayin wake ne kawai, ya ƙara wa Gwaggo lafiya, ya kai ki inda waken naki zai amfane mu.

Taki,
Hajiya Latifa