Katakon Bana Ba Shi da Gaskiya

Litinin, 3 ga Maris

Tabarau na je canzawa, kamar yadda na saba duk shekara. Tsohon likitan da ke tambayar lafiyar iyali ya yi ritaya, an kawo wata yarinya da ba ta kai autata ba. Aka ɗiga mini magani, duniya ta yi dishi-dishi, na ɗora haɓa a kan na'urar ɗaukar hoton cikin ido, aka ce kada in ƙifta. Tun da na shiga ba ta dube ni ba, allon kwamfuta take kallo. Ga ni da idona a zaune, amma hotonsa ake yi wa magana.

Ta jera na bara da na bana. Wai bangon cikin idona na dama ne, an nuno shi ta gefe, falle-falle kamar katakon da aka manna. Na bara a kwance yake, da ɗan kwari a tsakiya. Na bana ya yi tozo, da wani baƙi a ƙarƙashi. Ta ce ruwa ne ya taru, a daidai wurin da ke ganin tsakiyar abu. "Baba, miƙaƙƙen abu yana yi maka kamar ya lanƙwashe?" Na ce, "Yarinya, kafinta kike tambaya."

Maganinsa allura, in ji ta. A cikin idon. Kuma da wuri, don in wurin ya yi tabo, ganin ba ya dawowa. Na nemi hulata.

Laraba, 5 ga Maris

Autata ta ji labari, ta zo da fuskarta ta makoki. Na karanta mata rubutun jikin kwalin shayi daga bakin ƙofa. Ta ce ai da ido biyu na karanta. To da nawa ake karatu?

Asabar, 8 ga Maris

Na sake yin cacar baki da mai katako. Na faɗa masa katakon bana ba shi da gaskiya, ɗanye yake sayar mana. Duk wanda na ɗaga, na rufe idon hagu na hango tsawonsa kamar yadda maigidana ya koya mini, sai in ga ciki a tsakiya. Ina gogewa, cikin na nan. Ya rantse busasshe ne. Rantsuwa ba ta yi masa wuya, na san ubansa.

Alhamis, 13 ga Maris

Tela ya dawo da teburin yankan da na yi masa. Wai in ya shimfiɗa yadi, tsakiyar teburin ta faɗa. A gaban mutane ya ɗora sandar awonsa a kai, haske na wucewa ta ƙasa. Tun ina saurayi nake wannan aiki, ba a taɓa dawo mini da ko kujerar tsuguno ba. Na ce sandarsa ce karkatacciya.

Daga asibiti sun kira. Na ce mai wayar ya fita.

Juma'a, 14 ga Maris

Ban yi aiki ba.

Talata, 18 ga Maris

Ƙofar ɗakina ni na kafa ta, shekarar da muka tare. Yau ina zaune bayan la'asar, ƙura ta shiga idon hagu, na dafe shi. Sai ga gefen ƙofar ya yi ciki, irin na katakon nan sak, a tsakiya. Na saki ido, ta miƙe. Na dafe, ta lanƙwashe. Na ɗaura ƙusa a zare na saki a jikinta. Zaren ma ya yi ciki.

Zare mai nauyi ba ya yin ciki. Wannan ko jikana ya sani.

Uwar yara ta same ni a haka, hannu a ido, ta ce, "Malam, ɓuya kake yi da ƙofa?" Na ce ta je ta duba tukunyarta.

Litinin, 24 ga Maris

Na koma asibiti, don kawai autata ta daina zuwa da wannan fuskar. An sake ɗaukar hoto. Tozon ya ƙaru, ko ni na gani. Na jira ta ce ai ta faɗa mini, na ma tanadi amsa. Ba ta ce ba, wannan ya fi ba ni haushi. Na tambaye ta ko ba ƙura ba ce a gilashin na'urar. Ta nuno na idon hagu, wanda aka ɗauka a na'urar nan a zama ɗaya: a kwance lafiya lau. "Shi ne yake rufa wa ɗan'uwansa asiri, Baba. Da wanne kake hango katako?"

Na gyara zaman hulata. Ina ruwanta.

Aka kwantar da ni don allurar, aka ɗiga maganin kashe zafi, aka sa wani ƙarfe ya riƙe fatar idon. Na gama duk addu'ar da na iya, ashe an daɗe da gamawa. Wata mai zuwa kuma wata allurar. Ta gano hanya, ba za ta bar ni ba.

Talata, 22 ga Afrilu

Allura ta biyu. Tozon ya sauka, saura kaɗan kwarin nan na tsakiya ya dawo. Na ce mata in mini aikin ne, da sai na ƙara gogewa. Ta yi dariya, ta ma dube ni. Har yanzu dai ba ta iya gaisuwa ba.

Na sake wa tela saman teburi, da idon hagu da zare. Na biya ta wajen mai katako, na ɗauki guda huɗu ban ɗaga ko ɗaya na hanga ba. Ya buɗe baki zai yi magana, na tambaye shi lafiyar mahaifiyarsa.

Ƙofar ɗaki ta ɗan miƙe. Katako ne, wani lokaci yakan dawo hanya da kansa.