Ashanar da ke Damtsena

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar taki, ta daina kumburi? Allah ya ƙara sauƙi.

Yaya, a wasiƙar baya na ce miki lafiyata ƙalau, to ki cire rabi. Kin tuna ranar da aka yi mini aiki na uku aka ciro Ƙaramin, likita ya kira Baban yara ya ce mahaifata ta gaji, in na sake ɗaukar ciki sai dai wani ikon Allah. Shi ya sa da gwamnatin jiharmu ta kawo tsarin tazarar haihuwa kyauta har asibitin unguwa, ni ce a gaban layi. Da motar lasifika suka zo, da rumfa, da ma'aikata masu sababbin riguna. Suka sa mini abin tazarar nan da ake kira ashana a ƙarƙashin fatar damtse, suka ce duk ranar da na ga dama in zo a cire. Har addu'a na yi wa wanda ya kawo shawarar.

To tun daga lokacin jini ya ƙi tsayawa. Yau ya ɗauke, in yi wanka, jibi ya dawo. Na rasa gane na al'ada da na cuta, salla ma da kokwanto nake yin ta. In na zauna a kan keken ɗinki jiri ke ɗibata, ramin allura ya zama biyu. Ranar nan na haɗa wa wata hannun riga a baibai, ta wanke ni tas. Ni da ake layi a ƙofata!

Gobe zan je su cire mini, su ba ni wani abin. Kada ki gaya wa Inna, kin san ta da kuka.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Auta

*

Yayata ta kaina,

Ina gaisuwa, ina kuma tambayar lafiyarku. Saƙonki ya iso, da faɗan da ke ciki. Na ji, na ci abinci.

Ashana dai tana nan daram. Nas ɗinmu, wadda muke kira Mai Tabarau, ta shafa damtsena. Ta ce horon da jiha ta ba su na sakawa ne kawai, ba a koya musu cirewa ba, ko kayan aikin ba a kawo ba. Wai a can sama adadin matan da aka saka wa ake tambaya, ba mai tambayar na nawa suka dawo. Ta tura ni babban asibiti. Can aka ce mai cirewar ya tafi taro. Na koma, aka ce yana hutu. Muna ta jin gafara sa, ba mu ga ƙaho ba.

A bencin jira na asibitin na gane ba ni kaɗai ba ce. Akwai wata da ɗanta ya rasu, tana son ta sake haihuwa. Akwai wadda ta gaji da jira ta ba mai kemis hannunta, ya yanka ya laluba bai samu ba, yanzu wurin ya yi ruwa.

Baban yara bai taɓa ɗaga mini murya ba, kuma shirun nasa ya fi faɗa ciwo. Ya dawo daga gareji, ya tarar da ni kwance, ya hura wuta da kansa. Ina jin tsoro, Yaya. Ke kin ce a jiharku har gida ake ba mace allurar tazara ta yi wa kanta. Mota ɗaya ce tsakaninmu, sai ka ce ba ƙasa ɗaya ba.

A sa mu a addu'a.

Taki,
Auta

*

Yaya,

Da fatan kun wuni lafiya. Ki yi haƙuri, yau gaisuwata gajera ce.

Likitan mai cirewar ya dawo. Baban yara ya rufe gareji ya kai ni a babur, yana ta zolayata wai yau za a sauke kaya. Aka kwantar da ni, aka wanke damtsen, aka yi allurar kashe zafi. Ya ɗauki wuƙar ke nan na tambaye shi me za su ba ni a madadinta.

Ya buɗe katina ya karanta, ya ajiye wuƙar. Ya ce ƙwaya ba ta dace da mai hawan jini irina ba. Allura ta ƙare tun da daɗewa, ba su san ranar zuwanta ba. Robar mahaifa kuwa babu mai saka ta a nan. Abin da jiha ta cika musu kabad da shi ashana ce, irin wadda ke hannuna. Ya ce in na ce ya cire zai cire, jikina ne, amma in sani daga yau ba abin dogaro tsakanina da ciki na huɗu.

Gaba kura, baya sayaki. Ina kwance ina kallon fanka, sai Ƙaramin ya faɗo mini a rai, da yadda ba ya cin abinci sai daga hannuna. Wallahi na yi kuka kamar yarinya. Sannan na ce, "Likita, bar ta."

Da na fito Baban yara ya hango filasta a hannuna, ya miƙe da fara'arsa yana cewa an rabu da alaƙaƙai. Na kama yatsansa na ɗora a gefen filastar, ya ji ashanar tana nan. Ya tuɓe rigarsa ta sama ya ninke ya shimfiɗa mini a kan sirdin babur, don ya lura zanena ya ɓaci.

Ki gaida yara. Yanzu kina iya gaya wa Inna.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta