Baƙin Tiyon da Ba a Gani a Hoto

Pariaman, ranar Litinin

Zuwa ga yayata Uniang Desma,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ku lafiya a Batam, ke da maigidanki da yara, Ya ƙara wa shagon abincinki albarka. Mu nan sai godiya. Mahaifiyarmu Amak ta samu sauƙin gwiwarta, har ta koma daka barkono da kanta tana faɗan cewa injin niƙa yana kashe ɗanɗano. Ƙanwarmu Elvina cikinta ya shiga wata bakwai, ƙafafunta sun ɗan kumbura amma bakinta lafiya lau.

Na san kin ga hoton bidiyon jirgin saman da mijinta Sutan ya ƙera, tunda babu wayar da bai shiga ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Uniang: hassada ta kusa cinye ni. Ni ne fa na koya wa mutumin nan riƙe sifana, lokacin da ya zo garejina da babur bai san inda ake zuba baƙin mai ba. Ke shaida ce, tun muna yara ni ne mai kallon sama, ni ne na yanke zanen Amak na yi abin tashi da iska na sha duka. Shekara ashirin da shida ina kwance ƙarƙashin motocin mutane, sai ga Sutan, malamin zane kawai, ya haɗa bututun ƙarfe da yadin tanti da injin tsohon babur, gari duka ya koma bayan gidanmu kallo. A rumfar shayi an daina tambayata komai sai labarin Sutan. Har kan kifin da Amak take ajiye mini a miya tun rasuwar mahaifinmu Abak, yanzu a kwanonsa yake sauka.

Ranar da na leƙa injin, idona bai tsaya ko'ina ba sai kan tiyon mai. Farin tiyon nan ya sa, wanda magina ke zuba wa ruwa su daidaita gini, wai don ya riƙa ganin fetur yana tafiya, kuma ya fi kyau a ido. Ya ɗauko shi daga tanki, ya haura da shi sama ya yi masa ƙusumbi, ya ratsa da shi yatsa biyu daga salansa, sannan ya ɗaure shi tamau da waya a kan kaifin ƙarfe. Duk wanda ya taɓa gyaran inji ya san ƙarshen wannan. Zafi zai narkar da shi, girgiza za ta sa waya ta ci shi, iska kuma ta taru a ƙusumbin ta toshe mai. A ƙasa sai ka gangara gefen titi ka tsaya. A sama babu gefen titi.

Kin san ƙa'idar gidanmu, mijin 'yar'uwa baƙo ne mai daraja, ba a kiran sunansa sai dai laƙabinsa kamar Sutan, ba a gyara masa magana kai tsaye. Don haka na yi masa hannunka mai sanda a kan tabarmar abinci. Na ce na san wata mata da ta shanya gyalenta kusa da murhu don ya bushe da wuri, ta dawo ta tarar da toka. Ya gane sarai. Ya yi murmushi, ya ƙara shinkafa, ya ce shi ma ya san wani mangwaro da yara ba su taɓa jifa ba sai shekarar da ya yi 'ya'ya. Kowa ya yi dariya, har Amak. Na tashi daga tabarmar, amma ga abin da ban faɗa wa kowa ba sai ke: na ji daɗi. Na ce a raina na sauke nauyi, al'ada ta wanke ni, in jirgin ya ba shi kunya gaban jama'a zan ce ai na faɗa. Kwana tara ina ɗauke da wannan tunani, ina sallah da shi.

Ranar Alhamis da la'asar Elvina ta shigo gareji tana tura ciki, ta zauna a kan tayar mota ba ta ko yi sallama ba. Ta ce wai Ajo, yayana, wannan kallon da kake wa jirgin mijina kamar mai kallon akuyar da aka ɗaure don yanka, na mene ne? Na ce mata ba komai. Ta ce ƙarya nake, tun ina yaro in na ɓoye abu kunnena ke motsi. Ta ce in baƙin ciki nake yi in yi abina, ba ta hana ni ba, amma in tuna ni ne kawun abin da ke cikinta, in ubansa ya faɗo daga sama a wuyana za a rataya shi, kuma wata rana zai tambaye ni ko na san wani abu. Wallahi sai lokacin na ga abin yadda yake. Ni kunya nake jira masa, alhali fetur a kan salansa ba kunya yake kawowa ba.

Washegari bayan sallar Juma'a na same shi da 'yan kallonsa, na karya ƙa'ida. Na ce masa a fili tiyon nan zai kashe shi. Wani dattijo ya ce Masrizal, haka ake magana da surukin gida? Na ce a ɗaure jelar jirgin a jikin kwakwa a tayar da inji, in na yi ƙarya in rufe garejina. Aka ɗaure, farfela ta yi ta kaɗa ƙura minti goma sha biyu, sai injin ya fara tari. Da aka kashe na kama hannun Sutan na ɗora a kan tiyon. Ya yi laushi kamar dafaffiyar taliya, wajen wayar kuma ya jiƙe, ɗigo ɗaya yana lilo daidai kan salansa. Ya daɗe yana shinshina yatsunsa.

Ni na canza shi da hannuna. Na sa baƙin tiyon mai, mai zare a ciki, na bi da shi ta ɗaya gefen nesa da zafi, yana gangarowa daga tanki zuwa kafireta babu hawa ko ɗaya. Na sa matacin mai a inda hannu zai kai, na naɗa roba duk inda zai gogi ƙarfe, na bar masa ɗan sassauci saboda rawar inji, na matse bakunansa da kilif uku. Ba shi da kyau ko kaɗan, kuma ya ɓuya a ƙasa.

Jiya da safe da teku ta janye, ya tashi daga kan yashi. Ya wuce tsayin kwakwa, ya zaga sau biyu, ya sauka lafiya. Aka ɗaga shi sama ana kabbara. Elvina tana kuka, Amak tana gaya wa mata surukinta ne. Ni kuwa wani mai ɗaukar hoto ya dafa kafaɗata ya ce bawan Allah ɗan matsa, kana tare jirgi. Na matsa.

Amak ba ta huce da ni ba, wai na kunyata baƙon gida. Sutan bai ce mini na gode ba, sai dai yau da safe na tarar ya ajiye babur ɗinsa a ƙofar gareji, na duba shi ciki da waje babu abin da ya same shi. Na gane godiyarsa ke nan, na karɓa. Amma kada in yaudare ki, hassadar tana nan, daren jiya ma kan kifin bai zo kwanona ba. Abu ɗaya nake roƙo. In kin sake kallon hoton, ki tsayar da shi daidai inda jirgin ya karkata hagu, ki duba ƙarƙashin inji. Za ki ga wani baƙin abu kamar igiya. Ina son mutum ɗaya a duniya ya san cewa nan ne na tashi sama.

Ki gaishe mini da Ajo Bakhtiar, da Rini, da Fadlan, da innarmu Etek Nurbaya in kin leƙa ta. Amak ta ce a tuna miki man zafin da kika yi mata alkawari. Allah Ya sada mu da alheri a ƙaramar sallah.

Ƙaninki,
Masrizal