Ciyawar Bakin Rafinmu

Daren Laraba, Jurf, Madina

Ciyawar nan ta mutu. Ita ce wadda aka kawo mana mashtal, gidan renon shukar da nake aiki, don a riƙa sa ta a kwalaben ado. Ina ganinta na gane ta. Irinta ce ke shimfiɗe a bakin rafin kurminmu na Gashaka, inda Inna ke wanki. Ganyenta ƙanana ne kamar ɓawon kifi, ba ta fure, rarrafe take yi tana sakin saiwa siririya kamar zare. Inuwa da laima kawai take so. Na ɓoye ta a lungu ina fesa mata ruwa.

Yau na tafi sauke taki, sai Adam, ɗan Chadin da ya saba da dabinon Khaibar, ya fitar da ita rana. Kafin azahar ta ƙanƙance, ta ƙone. Na yi masa ihu har maƙogwarona ya bushe. Ya ce, “Ya akhi, wallahi tausayinta na ji. Wace shuka ce ke ƙin rana?”

Bayan isha'i na kira ƙanwata Ladi, na ce gobe ta ɗauko min hoton ciyawar a bakin rafi. Ta ce, “Yaya, wane rafi? Masu katako sun gama da kurmin tun bara, rafin ya ƙafe. Rijiya muke zuwa.”

Adam ya ba ni haƙuri har sau biyu. Na kurmin kuwa, ban san wa zan yi wa ihu ba.