Karkatattun Ƙusoshinki a Fiffiken Hagu

Zuwa ga uwargidana Saratu, Maman Bulus,

Gaisuwa da girmamawa cikin sunan Ubangijinmu, wanda kike gabansa yanzu. Mu nan Abbey Wood, a ƙasar Turawa, muna lafiya gwargwado. Bulus yana kira duk Lahadi, in yi masa Hausa ya amsa da Turanci, kamar yadda kika bar shi.

Maganar jirginmu ce ta zaunar da ni rubutu. Yana nan a garejin da muke haya bayan gidan benenmu, ɗan jirgin sama na alminiyam mai kujera biyu da na sayo gunduwa-gunduwa, 'yan coci suna cewa tsufa ya zo mini da gardama.

Kin san aikin ribit ba na mutum ɗaya ba ne. Ni ina waje da bindigar iska ina dukan kan ƙusa, ke kin zura hannu cikin fiffike kin tokare gindinta da dunƙulen ƙarfe, har ta baje ta kama. Ba kya ganin abin da kike yi, sai dai hannunki ya ji. Shekaru muka yi a haka, duk Asabar ɗin da ba kya aiki a gidan kula da tsofaffi. Kuma sai kin tsokane ni: "Baban Bulus, ni dai ban yi booking ba, ka nemi wani fasinjan." Kina faɗa kina gyara zaman ƙarfen.

Watan jiya sufeto ya zo, dattijon Baturen nan da sai ya amince da kowane mataki kafin a ba jirgi izinin tashi. Ya leƙa ciki da tocila da ɗan madubi mai sanda. Ya yaba fiffiken dama. A na hagu ya daɗe yana dubawa, sannan ya miƙo mini madubin. Layi guda, kusa da gindin fiffike, ƙusoshin sun kwanta gefe, wasu ko bajewa ba su yi ba. Ya ce sai an huda an fitar da su duka an sa sababbi, in ba haka ba jirgin ba zai bar ƙasa ba.

Na san layin. Shi muka yi na ƙarshe kafin a kwantar da ke asibiti. Ranar kin yi ta neman mu ɗan huta, kika ce sanyi ne ya kama miki yatsu. Ashe ƙarfen ne ya fara fin ƙarfinki, kika ɓoye mini kika ci gaba da riƙewa.

Gaskiyar sufeton ce, ban yi masa musu ba. Malam Issaka, maƙwabcinmu mutumin Kumasi, ya ce zai riƙe mini ƙarfen duk ranar da na shirya. Na sha sa masa rana ina fasawa. Nakan buɗe garejin in kunna hita don ɗumi in zauna kusa da fiffiken, jiragen ƙasa suna ta wucewa, ba mai leƙowa ya ce in taso tuwo zai huce. Kaɗaici ya yi mini yawa, Saratu. A coci in an tambaye ni sai in ce da godiya.

Ga abin da ya tsaya mini a rai. Sauran ƙusoshin da kika riƙe duk sun fita daidai, kai ka ce inji ne ya yi su, ba a gane hannun kowa a jikinsu. Waɗannan karkatattun ne kaɗai in na duba nake ganinki.

Amma na san halinki. Da kina nan da tuni kin ɗaure fuska, don ba za ki yarda a ce aikinki ne ya hana jirgi tashi ba. Saboda haka Asabar mai zuwa zan huda su ɗaya bayan ɗaya, ni kaɗai, ƙofa a rufe. Issaka ya zo daga baya. Ki yi mini haƙuri, masoyiyata.

Allah ya ƙara miki hutu a wurinsa, ya riƙe mini hannu ranar, ya kuma haɗa fuskokinmu in lokacina ya yi. Amin.

Mijinki har gobe,
Baban Bulus